Kunyar Ɗiyar Fari

Zulaihat ba ta taɓa kiran sunan ɗiyarta ta fari ba. Tun ranar da liman ya raɗa wa jaririyar suna Sumaiya a ƙofar gidansu na haya a Difa, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. In tana son yarinyar, sai ta ce, "Ke!" In baƙuwa ta tambaya ɗiyar wa ce wannan mai manyan idanu, sai ta kau da kai ta ce, "Ta masu gida ce." Haka ta ga uwarta ta yi wa yayanta a Shetimari, haka kakarta ta yi, kuma ba wanda ya taɓa cewa ƙiyayya ce. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta. Ita ma yarinyar Yaya take ce mata. Ƙanwarta Ikhlas ce mai Inna, mai hawa cinya, mai sa hannu a kwanon uwa.

Duk abin da Zulaihat za ta ba Sumaiya, ta hannun mijinta Tahiru yake bi. In ta sayi takalmi, sai ta ɓoye shi a ƙarƙashin katifa har ya dawo, ta ce, "Ka ba waccan." In ta soya kifin Komadugu, sai ta sa tsoka mai kyau a kwanonsa, ta san zai kira yarinyar ya ba ta a baki. Tahiru yakan yi dariya ya ce, "Ni dai na zama ɗan aike a gidana."

Mutumin Damagaram ne. Ya zo Difa yana saurayi, yana tsare wa wansa Alhaji Barau shago, daga baya ya shiga harkar tattasai. Yana saye a lambunan bakin kogi, ya shanya, ya ɗura a buhu, ya bi mota ya kai wa wan nasa a Damagaram. A irin wannan tafiyar ce motar ta kife da su bayan Maine. A can aka yi masa sutura. Hularsa kaɗai aka kawo wa Zulaihat, tana ƙamshin tattasai da man gashinsa. Ta rataye ta a ƙusa bayan ƙofar ɗaki. Allah ya ji ƙansa.

Da ta fita takaba, Alhaji Barau ya zo da dattawa biyu. Aka kira kawunta, Kawu Ari, daga Shetimari. Maza suka zauna a zaure, ita kuma ta durƙusa a bakin ƙofa, mayafi har goshi.

"Amarya," in ji Alhaji, don haka yake kiranta tun ranar da aka kawo ta gidan ƙanensa, "maganar yara ce ta kawo mu. Ƙaramar tana hannunki, ba mai taɓa ta. Babbar kuwa ta wuce shekara bakwai, kuma gidan ubanta yana nan a Damagaram. In an rufe lakkwal, 'yan makaranta sun samu hutu, zan aiko a ɗauke ta. Me kika ce?"

Me za ta ce? Mace ta buɗe baki a gaban surukai ta ce tana son ɗiyarta ta fari, ai kamar ta yar da zane ne a tsakiyar kasuwa. Ta dubi tabarma, ta ce, "Ai taku ce, Alhaji."

Aka ce alhamdu lillahi, aka shafa fatiha. A bayan zana Sumaiya tana wanke-wanke. Zulaihat ta ji ƙarar kwanukan ta tsaya, ta daɗe kafin ta ci gaba.

Aka rufe lakkwal, Alhaji ya aiko. Zulaihat ta ce yarinyar tana ciwon ido. Ya sake aikowa, ta ce ta tafi Shetimari taya matar kawu aikin lambu. Karo na gaba matarsa ya turo da kanta, da sabon yadi da alewa, Zulaihat ta dafa mata shinkafa, ta raka ta har tasha, ta ce a yi haƙuri sai bayan salla. Ba ta taɓa cewa a'a ba, ba ta kuma miƙa yarinyar ba. Alhaji ya bugo wa Kawu Ari waya ya ce maganar da aka yi a gaban dattawa ba wasan yara ba ce. Ba a jima ba mai unguwa ya aiko mata da takardar sammaci, wadda mutanen gari ke kira kombokashon, ana neman ta a gidan shari'a.

Ta je da Ikhlas a baya. Alƙalin, wanda kowa a wurin ke ce wa zuji, ba tsoho ba ne, yana magana da Faransanci, tafinta yana juyawa. Alhaji yana zaune a benci ɗaya da ita, babbar rigarsa tana taɓa gefen mayafinta.

"Gaskiya ne kin ce yarinyar tasu ce?"

"Na ce."

"Kina ja da a tafi da ita?"

Ta ji Alhaji ya gyara zama. Ta ce, "Ba ni da ta cewa."

Tafinta ya juya maganar. Zujin ya ɗauki alƙalami, sai ya tsaya yana kallonta, don hawaye na ɗiga a kan Ikhlas da ta dawo cinyarta, har yarinyar tana shafa kai tana duban rufi ko ruwa ne ke zuba. Ya ajiye alƙalamin. Ya ce ya ɗage zaman, a nuna wa matar nan biro, wato ofishin da ke ƙarshen baranda, inda ake taimakon waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya.

Ɗaki ne ƙarami, da fanka mai kuka da tulin takardu a kan kabad. Matar da ke ciki Babarbariya ce mai tsage a kumatu, da tabarau a kan hanci, sunanta Madam Bintu. Ta ba Ikhlas biskit, ta tura wa Zulaihat kujera da ƙafa.

"Zauna, 'yar'uwa. Kada ki kwance bakin zane, ba a biyan komai a nan. Mu ma'aikatan biro, namu mu saurare ki, mu gaya miki inda doka ta tsaya, mu haɗa miki takardu. Wanda zai tashi ya yi magana a gaban zuji kuwa aboka ne, lauya ke nan. Suna da nasu ofisoshin, mu muke kiran su, hukuma ke ɗaukar nauyi. To, yaya sunan yarinyar?"

Zulaihat ta taɓa Ikhlas da gwiwar hannu. "Faɗa mata sunan yayarki."

"Sumaiya!" in ji Ikhlas, baki cike da biskit.

Madam Bintu ta sauke tabarau ta dube ta. "Ta fari ce?"

Zulaihat ta gyaɗa kai.

"Shi ya sa. Ni ma nawa na fari har ya yi gemu ban kira sunansa a gaban mutane ba. Amma ni ba wanda ya kai ni ƙara a kansa." Ta jawo takarda. "Ki ji da kyau. A al'ada, yaro in ya wuce bakwai dangin uba suna da ƙarfi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma zuji ba al'ada kaɗai yake dubawa ba, yana duba inda yarinya za ta fi zama lafiya. Sai dai ba zai ɗauki yarinya ya ba uwar da ta ce ba ta da ta cewa ba. Kina son ta zauna wurinki?"

Ba namiji a ɗakin, ba suruki. Duk da haka sai da Zulaihat ta dubi ƙofa kafin ta gyaɗa kai.

"Kai ba ya shiga takarda," in ji Madam Bintu. "Amma na yau na karɓa."

Ta yi mata tambayoyi masu yawa: ajin da yarinyar take, sana'ar da Zulaihat ke yi, wa ke biyan haya, ko akwai takardar haihuwa. Zulaihat ta ce tana cire wa 'yan kasuwa hancin tattasai, tana kuma daka nata tana ƙullawa a leda tana sayarwa a ƙofar gida. Madam Bintu ta ce ta je ta karɓo shaida daga mushe, wato malamin ajin Sumaiya, ta kuma jira kira, don lauyan daga Yamai yake zuwa, sai shari'u sun taru yake hawo bas.

Ranar da aka kira ta, ta tarar da wani dogon Bafillace siriri a biron, ya tuɓe takalmi yana murza ƙafa.

"Ga bawana nan ya iso," in ji Madam Bintu. "Metir Abbakar, lauyanki. Kada ki ga ramarsa ki raina shi, baki gare shi. Metir, wa ka bar wa shanun?"

"Barebari na bar wa, ko sa koyi hankali a wurinsu." Ya juyo ga Zulaihat, ya daina dariya. "Sannu, Malama. Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan maigidan. Na karanta abin da Madam ta rubuta. Kafin mu yi nisa, ina so in ga yarinyar, ba a gabanki ba. Zuji zai tambaye ta, gara in san abin da za ta ce."

Zulaihat ba ta ga abin tsoro a nan ba. Washegari ta kawo Sumaiya da kayan lakkwal a jikinta, ta zauna a baranda tana kallon masu shiga da fita. An daɗe a ciki. Da yarinyar ta fito, ba ta dubi uwar ba, ta ja hannun Ikhlas suka tafi gindin itacen bedi. Metir ya leƙo ya yafuto Zulaihat.

"Ta ce za ta bi Alhaji."

Zulaihat ta dafa tebur.

"Ba na ɓoye miki komai, don ke nake wa aiki. Ta ce Baba ne ke son ta, kuma Baba ya rasu. Ta ce takalmin da ke ƙafarta Baba ya saya mata, 'yan kunne Baba, in an soya kifi Baba ke ba ta. Ta ce ke Ikhlas ce ɗiyarki. Ta ce da kunnenta ta ji kin ce ita tasu ce, to ba ta son ta zauna ta yi miki nauyi."

"Takalmin nan ai ni na…" Sai ta kama bakinta.

"Ke kika me?"

Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa. Fatar ta yi ja, ta tsattsage a gaɓoɓin yatsu. Ta ce da kakar tattasai ta bara ta yi ta cire hanci har ba ta iya taɓa ido, da shi ta sayi takalmin, mai ɗan girma don ya kai bana. 'Yan kunnen kuwa nata ne na aure, ta kai wa maƙeri ya rage su.

"Ta sani?"

"Yaya za a yi ta sani, Metir? Ɗiyar fari ce fa."

Ya juya alƙalami a yatsa. "Ni ma ɗan fari ne, kuma Bafillace. Kunyarku wasa ce a kan tamu. Uwata, in na shigo ɗaki, fita take yi. Sai bayan da ta rasu goggona ta gaya mini ita ta sayar da karsanarta aka sa ni lakkwal. Na ji daɗi da na sani. Amma ba wanda zan je in yi wa godiya."

Madam Bintu ba ta yi masa ba'a ba a wannan karon.

"Ga yadda abin yake," in ji shi. "Zan kawo wa zuji shaidar mushe, zan ce yarinya ba ta daɗe da rasa uba ba, kada a raba ta da uwa da ƙanwa. Zan iya yin magana har la'asar. Amma in uwa ta ce ba ta da ta cewa, yarinya kuma ta ce za ta tafi, to iska nake dakawa. Ba ni na haife ta ba. Ba na kuma yi miki alkawarin za mu ci. Abin da na sani, in kika yi shiru, mun faɗi."

Madam Bintu ta jawo kujera ta ajiye a tsakiyar ɗaki, ta ɗora mata jakar Metir. "Ga Alhaji nan, har da tumbinsa. Gaya masa."

Zulaihat ta dubi kujerar. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, su kansu ba su san ko dariya take ko kuka ba.

"Jaka ma kunyarta kike ji?" in ji Madam Bintu. "To, je ki gida ki gwada da turmi."

Ta gwada. Tana daka tattasai, in taɓarya ta sauka sai ta motsa leɓe, amma sautin ba ya fita. Ta je Shetimari wurin Kawu Ari ko zai tsaya mata. Ta same shi a lambu yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya saurare ta bai ɗago ba, ya ce, "Zulai, kada ki ja mana abin faɗa. Uwarki ta mutu da mutuncinta. A Damagaram ma ci za ta yi, ta sha, ta yi karatu. Me ya rage?" Ta dawo a bayan motar kaya.

Ana gobe za a koma gaban zuji, ta shiga ɗaki da hantsi ɗaukar tsintsiya, ta ga ƙusar bayan ƙofa babu komai. Ta duba ƙasa, ta duba bayan akwati. Sai ta hango ƙunshi a ƙarƙashin gadon yara, an ɗaure shi da tsohon ɗankwalinta. Ta kwance. Kayan Sumaiya ne a ninke, da littattafanta, da hular Tahiru a tsakiya. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta mayar da komai yadda ta same shi, ta ɗaure, ta tura ƙarƙashin gado, ta fita ta yi shararta.

Ɗakin shari'a ya fi na farko cika. Dattawa biyu masana al'ada suna zaune a gefen zuji. Alhaji ya zo da shaidunsa na zaure. Kawu Ari ma ya zo, ya zauna can baya. Metir Abbakar ya sa baƙar rigarsa mai faɗi, ya ƙara tsawo a cikinta.

Alhaji ne ya fara. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ƙanensa ya mutu ne a hanyar kawo masa kaya, kuma tun ranar bai yi barci mai daɗi ba. Ya ce ba shi da abin da zai yi wa Tahiru yanzu sai ya riƙe jininsa, ya ciyar, ya tufatar, ya aurar in lokaci ya yi. Ya ce bai ƙwace ba, tambaya ya yi, aka ce masa tasu ce, ga shaidu. Da ya zo kan sunan ƙanen nasa, sai da ya tsaya. Zulaihat ta ji tausayinsa, abin ya ƙara mata nauyi.

Metir ya tashi ya yi nasa da Faransanci, ya miƙa takardar mushe, ya yi ta nuni da hannu. Zulaihat ba ta ji ko ɗaya ba sai abin da tafinta ya gutsuro mata. Sannan aka shigo da Sumaiya. Madam Bintu ce ta riƙo hannunta har gaban tebur. Zuji ya tambaye ta da kansa, a hankali, inda take so ta zauna.

"Zan bi Baba Alhaji," in ji ta, tana kallon ƙasa.

Zuji ya rubuta. Ya ɗago ya dubi Zulaihat. Tafinta ya ce, "Uwar yarinya, kina da magana?"

Ta miƙe. Ta ga rawanin dattawan nan biyu, ta ga ƙeyar Alhaji, ta san Kawu Ari yana bayanta. Metir bai dube ta ba, takardunsa yake gyarawa. Sai ta dubi ƙasa ita ma, idonta ya sauka a kan takalmin, wanda ta saya da girma, yanzu ya yi daidai har ya fara cin dunduniya.

"Sumaiya."

Sunan ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Yarinyar ta waiga wajen Madam Bintu, ta waiga wajen ƙofa, tana neman wanda ya kira ta.

"Ni ce. Sumaiya, dube ni."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya. Zulaihat ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya shi ke nan.

"Takalmin nan ni na saya miki. 'Yan kunnen nawa ne na aure. Kifin ma ni ke sa wa babanki a kwano don ya ba ki. Shi yana son ki, ba ƙarya, amma miƙawa yake yi. Da ya mutu na rasa hannun da zan ba ki da shi. Na ce ke tasu ce don bakina bai iya faɗin wata magana a gaban surukai ba. Tasu ce ke, ban musa ba, jininsu ce. Amma ni na haife ki. Ba ki yi mini nauyi ba. Ba na so ki tafi."

Ta juya ga zuji, ta ce, "Abin da zan ce ke nan," ta zauna.

Tafinta ya tsaya da baki buɗe, sai da zuji ya buga tebur da alƙalami sannan ya tuna aikinsa. Wani a baya ya ce, "Zamani!" Da Zulaihat ta saci kallo, ta ga Kawu Ari ya ja rawani ya rufe baki da hanci.

Alhaji ya juyo a kan benci, karo na farko tun rasuwar ya dube ta ido da ido. "Amarya, ai da kin faɗa mini haka a zaure, da ba mu zo nan ba."

"Da na faɗa a zaure, Alhaji, da kun ce ba ni da tarbiyya."

Bai musa ba.

Zuji ya sake tambayar Sumaiya. Ba ta ce za ta tafi ba, ba ta ce za ta zauna ba. Ta sa hannu ta kama ɗan kunnenta, ta riƙe shi, hawaye suna bin hannun har gwiwa. Zuji ya yi shawara da dattawan ƙasa-ƙasa, ya ce ya ji kowa, a dawo ranar da ya sa don jin hukunci.

Kafin ranar, maganar ta riga ta zaga unguwa. A bakin famfo mata suna cewa Zulai mai tattasai ta tashi a gaban maza ta rangaɗa sunan ɗiyar fari. Wasu suka ce ta kyauta, wasu suka ce ido ya bushe. Kawu Ari ya koma Shetimari bai biyo ta gidan ba. A cikin gida kuwa ba wanda ya tada zancen. Sumaiya tana wanke-wankenta, tana zuwa lakkwal, ƙunshin yana nan a ƙarƙashin gado.

Ranar hukunci Metir yana wata shari'a a Yamai, Madam Bintu ce ta zauna kusa da ita tana fassara mata a kunne. Yarinya za ta zauna wurin uwarta ta ci gaba da karatu a Difa. Babban hutu za ta yi shi a Damagaram wurin dangin ubanta. Alhaji Barau yana nan a matsayin uba kan duk wani babban al'amari nata. In bai yarda ba yana iya ɗaukaka ƙara. Alhaji ya ce ba ya shari'a da matar ƙanensa sau biyu. Ya fita bai yi mata sallama ba, amma a baranda ya tsaya ya dafa kan Sumaiya, ya ce ta gaida mushenta.

Zulaihat ta kai ƙullin dakakken tattasai biro, ta ce a ajiye wa Metir.

"Bafillace da yaji? Kashe mini bawa za ki yi?" in ji Madam Bintu. "Mayar da abinki ki sayar. Zan gaya masa a waya. Ki riƙe takardar nan da kyau, kada ki ƙulla tattasai da ita."

Da suka koma gida la'asar ta yi. Zulaihat ta shiga ɗaki ajiye mayafi, ta ga hular Tahiru ta dawo kan ƙusarta. Ta fito ta hura wuta, ta ɗora tukunya. Sumaiya tana zaune a bakin ƙofa tana tsefe wa Ikhlas kai.

"Ke, kawo mini ruwa."

Yarinyar ta ci gaba da tsifarta.

"Ke! Ba ki ji ba ne?"

Ko motsi.

"Inna," in ji Ikhlas, kanta a sunkuye tsakanin gwiwoyin yayarta, "ta ce ita ba sunanta Ke ba."

Zulaihat ta tsaya da muciya a hannu. Ta dubi katanga, inda take jin maƙwabciyarta tana tankaɗe. Ta dubi ƙofar zaure. Ta rage murya yadda ba zai tsallake katangar ba.

"Sumaiya. Ruwa."

"To, Yaya."

Ta tashi ta ɗebo a randa, ta cika kwanon har baki, ta taho a hankali yana zuba a kan takalminta.